Wanda Ya Tsaya a Tsakiya

Tomari, 13 ga Oktoba, 1978

Yaya Shigenobu,

Bayan gaisuwa. Iskar teku ta fara cizo da safe, kifin sanma ya yi ƙiba. Ina fata ka isa Tokyo lafiya, tunda ba ka ga damar rubutowa ka ce ka isa ba.

Maganar hoton Baba ce. Ka ga wanda muka jingina ranar jana'iza: na soja, yana ɗan shekara ashirin, kai a aske, kunnuwa a waje. Shi kaɗai muka samu a gidan. Inna ta jira sai da baƙi suka watse. Shekaranjiya na kai mata shayi, na tarar ta juya fuskar hoton zuwa bango a kan bagaden gida, inda muke ajiye wa mamatanmu shinkafa da turare. Na ce, "Inna, lafiya?" Ta ce, "Wannan yaron ɗan wane gida ne? Ni ban taɓa zuba masa shinkafa ba. Sai bayan shekara bakwai da ɗaukar wannan aka nuna mini ubanku." Ta ce ranar addu'ar kwana arba'in da tara, wato 20 ga Nuwamba, ranar da za a kai ƙasusuwansa kabari, ba za ta zauna malamin haikali ya yi karatu a gaban baƙo ba. Tsohonta take so, mai furfura da giɓi. Ka san Inna. Idan ta ce ba za ta zauna ba, ba za ta zauna ba, ko dangi duka sun taru.

To ina da 'yar kyamara da na saya a Miyako da bazara, irin ta aljihu, wadda ake jefa wa kwanson fim a rufe. Kwanson yana ciki har yanzu. 'Yar tagar baya tana nuna goma sha takwas. Baba yana cikin wasu daga cikin hotunan. Kai ne mai ɗaukar hoto na babbar jarida shekara ashirin, sai ka gaya mini yadda za a yi a fitar da fuskarsa a babbar takarda.

Maigidana Ryozo yana gaishe ka. Sabon jirginsa yana kama kifi daidai gwargwado. Ka kula da jikinka.

Ƙanwarka,
Tokie

*

Tokyo, 18 ga Oktoba, 1978

Tokie,

Na karɓi wasiƙarki. Nan ma ganye ya fara sauya launi. Ki gaishe da Inna da mijinki.

Na san abin da kika saya. Dogo ne, shimfiɗaɗɗe, kamar sandar sabulu, da igiyar rataya a hannu. An ƙera shi ne domin mutanen da ba sa son a dame su da tunani. Kwanson ba ya shiga ta baya ko da kin so, saboda masu ƙirar sun san wa za su sayar wa. Idonsa na roba ne, bai kai ƙwayar wake ba, kuma ba ya motsi: duk abin da ya wuce taku biyu daga gare ki, har zuwa tsibirin da ke bakin ruwa, ɗaya yake ganin sa, wato duka dishi-dishi. Ilimin haske da na yi shekara uku ina koya ina share ɗakin wankin hoto, an taƙaita miki shi a zane biyu, rana da gajimare, ki tura maɓalli ga wanda kika gani a sama. Idan duhu ya yi ki kafa masa ɗan kwalin fitila mai fuska huɗu, ya ƙona idon mutane sau huɗu, ki jefar. Wannan ba kyamara ba ce, abin wasa ne da aka yi wa farashin manya.

Babbar matsalar ita ce fim ɗin. Kowane hoto a kansa bai kai farcen babban yatsanki ba. Hoton bagade kuwa ya kai faɗin tire. Ki auna da kanki.

Ga abin da za ki yi, kuma kada ki ƙara komai na kanki. Kada ki buɗe murfin. Ki danna, ki tura abin jan fim da babban yatsa, ki sake, har lambobin su ƙare, tagar ta zama wayam. Sannan ki buɗe, ki ciro kwanson, kada ki yi ƙoƙarin ganin abin da ke cikinsa. Ki sa shi a gwangwanin shayi, ki cusa takarda, ki aiko. Kyamarar ki riƙe abarki. Idan abokan aikina suka gan ni da ita ba zan ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a ofishin nan ba.

Tambaya ɗaya. Shagon tsoho Onodera yana nan kusa da gidan waya, yana karɓar irin waɗannan kwansuna yana aikawa Morioka, su dawo cikin mako. Me ya sa naki ya kwana wata guda a aljihu, kuma me ya sa sai ya zo Tokyo?

Ki yi hattara da sanyi.

Shigenobu

*

Tomari, 24 ga Oktoba, 1978

Yaya,

Bayan gaisuwa. An fara shanya ganyen daikon a bayan gidaje.

Na gode da darasi. Na karanta wa Ryozo, ya ce ashe jaridarku ba ta biya ku da yawan kalmomi ba, da kun yi arziki. Shafi biyu ka cika a kan sandar sabulu, layi ɗaya ka ba Inna.

Na yi yadda ka ce. Ukun da suka rage na ɗauki bangon rumbu da su. Ga kwanson nan a gwangwani. Shayin da ke ƙasa naka ne, Inna ce ta ce a zuba.

Ka ce abin wasa ne. To. Kai kana da uku na gaske, masu nauyi, ka zo da biyu rataye a wuya ranar bikina, ka ɗauki jiragen ruwa, ka ɗauki tsuntsaye a kan igiya, ka ɗauki wata tsohuwa da ba mu san ta ba saboda ka ce fuskarta tana da labari. Sun buga ta a jarida. Fuskar ubanka fa? A cikin shekara ashirin ina ko guda ɗaya? Da akwai, da ban rubuto maka ba.

Onodera hannunsa rawa yake yi yanzu. Shi ke nan dalili.

Saura kwana ashirin da bakwai. Inna tana ajiye wa Baba shinkafarsa kowace safiya a gaban bayan hoto.

Tokie

*

Tokyo, 1 ga Nuwamba, 1978

Tokie,

Ina fata kuna lafiya. Gwangwani ya iso. Ki ce wa Inna na sha shayin.

Ɗakin wankinmu ba shi da abin naɗe fim mai siririn nan, ba wanda ya taɓa tsammanin za a buƙace shi. Na kai wa wani tsohon abokin aiki mai wanke hotuna masu launi. Ya duba kwanson, ya dube ni, ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Hakoishi, ka yi sabuwar budurwa ke nan?" Na bar shi a haka.

Ga abin da ke ciki. Biyu yatsanki ne. Huɗu tutocin sabon jirgi ne ranar da aka tura shi ruwa. Ɗaya sama ce zalla. Uku bangon rumbu, kuma su ne suka fi fita. Uku mutane ne suna wawason wainar mochi da ake watsa wa jama'a, ba a gane kowa. Baba yana cikin bakwai.

A shida daga ciki, rabinsa ne. Kunne da kafaɗa. Kunci ɗaya da hula. A ɗaya gwiwar hannunsa kawai. Wannan laifin mutum biyu ne. Tagar da kike leƙawa tana gefe guda, idon yana wani gefen, kuma tagar tana nuna miki fiye da abin da fim yake ɗauka, saboda haka wanda kika gani a bakin taga ya riga ya faɗa waje. Baba kuwa duk rayuwarsa a baki yake tsayawa, ƙafa ɗaya a shirye ta gudu. Kyamarar da ba ta ganin gefe ta haɗu da mutumin da ba ya barin gefe.

Sai na bakwai ɗin. A bayan rumbun ajiye komar kamun kifi ne, da hasken safe. Inna a hagu, Ryozo a dama da sabon ɗaurin kai, Baba a tsakiya. Fuskarsa cikakkiya, yana kallon ido kai tsaye.

Aikina ne kallon hotuna, don haka bar zancen rawar hannun Onodera. Baba, wanda ya finciko ni daga tsakanin abokaina biyu ranar gama firamare har maɓallin rigata ya tsinke, domin wai wanda ya tsaya a tsakiyar mutum uku shi zai riga mutuwa, shi ne a tsakiya? Hannunsa na hagu yana riƙe da hannun rigar Ryozo, ya murɗe ta. Ƙafar Ryozo ɗaya ba ta gama sauka ƙasa ba. Inna ba ke take kallo ba, shi take kallo, bakinta a buɗe. Wannan ba hoton mutanen da aka jera ba ne. Me ya faru a wurin?

Sai kuma abin da na faɗa tun farko. Kan Baba a fim ɗin bai wuce ƙwayar riɗi ba. Ki ba ni amsa kafin in san abin da zan yi da ƙwayar riɗi.

Shigenobu

*

Tomari, 6 ga Nuwamba, 1978

Yaya,

Bayan gaisuwa. Dusar ƙanƙara ta farko ta sauka a kan tsauni jiya.

Tunda ka gani, ga shi.

Safiyar da za a tura jirgi, kafin jama'a su taru, na ce su tsaya in ɗauke su. Na sa Ryozo a tsakiya domin jirginsa ne, ranarsa ce. Ban ƙirga ba. Na rantse ban ƙirga ba, ina ta neman ko rana zan tura ko gajimare. A shagon Onodera idan mutum uku suka zo, sai ya miƙa wa ɗaya 'yar tsanar nan mai jan kimono a riƙe ta zama ta huɗu, kuma kafin ya shiga ƙarƙashin baƙin mayafinsa ya gama gyare-gyare, ko makaho ya lura. Wannan kuwa ba ta jira. Na ɗaga ta ke nan sai na ji Baba ya ce, "Ke, wawiya! Mutumin da zai shiga teku da sabon jirgi?"

Ryozo ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, ai yanzu an je wata an dawo."

Baba ya ce, "Su da suka je watan, uku suka tsaya aka ɗauke su? Matsa nan, ɗan banza."

Ryozo ya ce, "Ai kuwa uku ne, Baba."

Baba ya ce, "To ubansu ba ya wurin." Ya fizge shi gefe, ya shiga gurbinsa. Inna ta ce, "Kai, tsoho, fita daga nan!" Yatsana yana kan maɓallin. Ban san na danna ba sai da na ji ƙas.

 Baba ya gyara hularsa ya ce, "An gama? To a kawo giya, jirgi ba ya jira." Bayan kwana goma sha tara ya faɗi a kan koma.

Mu huɗu kawai muka sani. Onodera yana buɗe kowane ambulan da ya dawo daga Morioka, wai yana duba aiki, matarsa kuma tana duba masa, kafin azahar duk tashar jiragen ta ji. Ryozo yana da ma'aikata uku a jirgi, kowannensu da uwa. Shi kansa tun daga ranar ba ya shiga ɗakin da kyamarar take. Inna ba ta taɓa ɗaga zancen ba, ni ma ban iya kallon ta idan na tuna. Ni na jera su.

Ka yi dariya, na san za ka yi. Idan ka gama, ka yi mini abin da kowane shago yake yi: a yanke kan shi kaɗai, a faɗaɗa, a ɗora a kan baƙin kimono mai tambarin gida. Kada rumbun ya fito, kada ɗaurin kan Ryozo ya fito. Zan ce mata wata rana ce daban. Tana so ta ga tsohonta, ba safiyar nan ba.

Saura mako biyu. Ka zo, ko da na wuni ɗaya ne.

Tokie

*

Tokyo, 13 ga Nuwamba, 1978

Tokie,

Ina fata sanyi bai tsananta ba.

Ban yi dariya ba, abin bai kai ba. Likita ya rubuta abin da ya kashe Baba: jijiya ce ta fashe a kansa. Shekararsa saba'in, yana cin kifi mai gishiri sau uku a rana, yana shan taba tun kafin a haife mu. Na ɗauki ministoci uku-uku ba adadi, na tsakiyar su ne suka fi daɗewa, abin takaici. Akwatin roba mai ido kamar wake bai iya fitar da kunnen mutum daidai ba, ke kuma kin ba shi ikon raba kwana.

Na yi abin da kika ce. Za ki samu takarda biyu a ambulan.

Babbar ita ce kan shi kaɗai. Da na faɗaɗa ƙwayar riɗin zuwa girman bagade, fuskar ta watse ta zama yashi: tabo biyu baƙaƙe a wurin idanu, hazo a wurin baki. Na kai wa mai gyaran hoto da ya fi kowa a unguwar nan. Ya zana ido, ya zana gira, ya cike giɓin haƙori bai tambaye ni ba, ya ɗora kimono. Aikin ya yi tsabta. Mutumin da ya fito yana kama da shugaban tashar jirgin ƙasa da ya yi ritaya da lambar yabo. Idan Inna ba ta san sojan ba, ban ga yadda za ta san wannan ba.

Ƙaramar ita ce hoton duka, su uku, girman katin gaisuwa. Iyakar abin da fim ɗin zai iya ɗauka ke nan. Ƙara masa faɗin yatsa biyu, ya fara rushewa. A wannan girman, Baba ne. Ba zan yi miki ƙarya a kan aikina ba. Haske bai daidaita ba, teku ta karkace, amma shi ne, da fuskar da yake yi idan ya gama yanke magana.

Kin tambaye ni ina nawa. Shekarar da na fara aiki na zo gida da kyamarar farko da na saya. Na same shi yana ɗinkin koma. Na auna haske, na gyara nisa, na ce, "Baba, ɗago kaɗan." Ya ce, "Mai da abin nan jaka, ni ba gobara ba ne." Na mayar. Ban sake tambaya ba, shi ma bai sake hanawa ba. Taki ba ta ba shi lokacin hanawa ba. Wannan ba gwaninta ba ce, kada ki ɗauka yabo ne.

Shawarata, ki ba ta babbar ki ƙona ƙaramar, tunda ƙaryar kika zaɓa, ki yi ta gaba ɗaya. Ranar ashirin majalisa tana zama, an sa ni a can. Na aika wa haikali turare.

Ki gaishe da kowa.

Shigenobu

*

Tomari, 21 ga Nuwamba, 1978

Shigenobu,

Ni ce uwarka. Ka yi haƙuri da fensir. An yi sanyi, ka sa rigar ciki.

Ambulan ɗinka ni mai kawo wasiƙa ya ba, Tokie tana wurin shanya kifi. Na buɗe. Na karanta abin da ka rubuta ma. Ku biyu kuna tsammani na manta inda nake tsaye a safiyar nan.

Babban mutumin mai kimono ban san shi ba. Na sa shi a ƙasan aljihun tebur tare da sojan, su yi hira.

Ƙaramin na ɗauki almakashin ɗinki na cire Ryozo. Mai zuwa teku ba ya hawa bagade. Hannun rigarsa kaɗan ya rage a cikin yatsun ubanku, ban iya cirewa ba sai na yanke yatsun, na bar shi. Yanzu mu biyu ne, babu na tsakiya. Na gaya wa Tokie haka, ta yi kukanta ta gama.

Malamin haikali ya ce hoton ya yi ƙanƙanta. Na ce ya matso. Ya ce ba a ɗora mai rai a wurin. Na ce ya yi karatunsa. Ya yi. An kai ubanku, komai ya tafi daidai. Turarenka ya iso.

Idan nawa lokacin ya zo, kada ka wahalar da kanka neman hoto ko ɗauko manyan kayanka. Ga shi nan an riga an jingina.

Ka ci abinci.

Kikuno